CINIKIN BIRI A SAMA

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wata kasuwa da ke ci kusan kowane dare a garuruwanmu, tun daga Kanya Babba har Babura, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, wadda ba a taɓa kasa ko mudu ɗaya na hatsi a cikinta ba, ba a kuma taɓa ganin wanda ya koma gida da ribar ko anini ba, amma duk da haka hayaniyarta ta fi ta kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis. Rumfunanta su ne gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi da ɗakunan kwanan ɗalibai. Dillalanta kuwa samarinmu ne, cikinsu har da masu digiri da masu shirin samunsa. Hajar da ake tayawa ita ce 'yan ƙwallon Ingila da Sifen da Italiya: wane ne za a saya, wane ne za a sayar, wane ɗan baya ne ya tsufa, wane yaro ne zai gaje shi, nawa ya kamata a biya. Ana tayi, ana albarka, ana rantsuwa, wani lokaci har a kai ga cin kwala, alhali kuwa mai saye bai san da mu ba, mai sayarwa bai san da mu ba, wanda ake cinikin nasa ma bai taɓa jin sunan Jigawa ba. Wannan shi ne Bahaushe ke kira cinikin biri a sama.

Tun da farko muna so a fahimce mu. Ba mu ɗauki ƙwallo abin banza ba, ba mu kuma cikin masu cewa duk saurayin da ya zauna kallon wasa ɗan iska ne. Wasa gishirin zaman duniya ne, kuma kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka bar mana dambe da kokawa da langa, suka ware musu lokacin kaka bayan an kai amfanin gona gida. Ƙararmu a kan wani abu ne dabam, watau yadda aka mai da ƙwaƙwalwar samarin ƙasa guda ta zama rumbun ajiyar labarin kasuwar wasu, har ya zamana saurayi yana iya lissafa maka 'yan bayan Arsenal da na Chelsea da shekarun kowannensu da ranar da kwantiraginsa zai ƙare, amma in ka ce ya faɗi sunan yaro ɗaya da ya iya tare gida a makarantar firamaren unguwarsu, sai ya yi ta sosa ƙeya. Ilmin yana nan, basirar tana nan, sai dai an juya musu baki sun fuskanci teku.

Bari mu dubi kasuwar da kanta, domin wanda ke dillanci ya kamata ya san tsarin kasuwar da yake wa aiki. A shekarar 2017 ƙungiyar Paris Saint-Germain ta biya yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona. A 2023 Chelsea ta biya kimanin fam miliyan 115 a kan Moises Caicedo, yaron ƙasar Ekwado. Waɗannan alƙaluma samarinmu sun haddace su kamar karatun allo, suna kuma alfahari da su, kai ka ce kuɗin daga aljihun ubansu ya fito. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, daga ina kuɗin ke fitowa? Babban kasonsa daga haƙƙin nuna wasa a talabijin ne, da tallace-tallace, da sayar da riguna. Su wa ke biyan kuɗin talabijin ɗin? Mai gidan kallon da ke Kanya Babba yana cikinsu, shi da ke biyan kuɗin tauraron ɗan'adam kowane wata, ya sayi man janareto, sa'an nan ya karɓa daga hannun yaran da suka yini suna tura baro ko cirar zoɓo. Ashe kuwa muna da hannu a cinikin, amma hannun biya ne kurum. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dattawanmu da suka ga zamanin dalar gyada a Kano ba za su ga wani baƙon abu a nan ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a farkon ƙarni na ashirin, manomi ke noma gyaɗa, a auna ta da farashin da aka yanka a wani wuri, a loda ta zuwa Ikko, a haye teku da ita, sa'an nan a dawo mana da man da sabulun da aka yi da ita mu saya da tsada. Yau ma riɗi da zoɓon da ake nomawa a Jigawa ɗanyu suke fita. To, haka ƙafafun yaranmu suke fita. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa ɗaya yana Kano Pillars, a 2010 ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, a 2012 ya koma CSKA ta birnin Mosko, a 2016 Leicester ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 16. Wannan babban kuɗi ƙungiyar Mosko aka biya. Victor Osimhen ya tashi a wata ƙaramar makarantar ƙwallo a Ikko, ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, ya bi ta Jamus da Beljiyam da Faransa, a 2020 Napoli ta biya Lille kimanin yuro miliyan 70 a kansa. Mu muka shuka, wani ya sussuka, wani ya auna, sa'an nan aka dawo mana da hoton abinmu a akwatin talabijin muna biya muna tafi. In wannan ba sabon salon mulkin mallaka ba ne, to a gaya mana sunansa.

Kwanan nan kuma wata sabuwar rumfa ta fara buɗewa a wannan kasuwa. Saboda wayar hannu da intanet, an fara samun 'yan ƙwalisa a jami'o'inmu da ke ganin ƙwallon Turai ya zama na kowa da kowa, don haka suka koma bin ƙwallon Amurka, wanda ake runguma a hannu a ruga da shi, 'yan wasa sanye da hular kwano da sulke. Za ka ji su cikin watan Afrilu suna gardama a kan wace ƙungiya ce za ta zaɓi wane ɗalibi, wace ce ta yi wauta da ta musanya damarta ta zaɓe, wane mai tsaron baya ne ya fi gudu a yadi 40. Ba za mu ɓata tawada wajen yi musu dariya ba, domin gardamar tasu da ta masu Arsenal duk kanwar ja ce. Amma tun da sun kawo zancen, bari mu karɓa mu duba, gama akwai darasi a cikin tsarin Amurkawan nan wanda masu gardamar suka tsallake.

Ga yadda abin yake. Babbar gasar ƙwallon Amurka, watau NFL, tana da ƙungiyoyi 32. Tun daga 1936 suka ƙa'ida cewa sababbin 'yan wasa ba za a bar su ga mai tsada ba. Kowace shekara ana jera samarin da suka fito daga jami'o'i, ƙungiyoyi su riƙa zaɓa bi da bi har zagaye bakwai, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a gasar bara ita ce ke fara zaɓe, zakara kuwa shi ne na ƙarshe. Ba a shigar da yaro cikin zaɓen sai ya yi shekara uku da gama sakandare. Tun 1994 kuma suka sa iyaka ga jimlar albashin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta, kuɗin talabijin na ƙasa kuwa raba shi suke yi daidai wa daida. Da haka ne ƙungiyar wani ƙaramin gari mai suna Green Bay, wanda mutanensa ba su wuce 100,000 da 'yan kai ba, take karawa da ta Niyok kafaɗa da kafaɗa, kuma ƙungiyar ba ta wani attajiri ba ce, ta dubban magoya bayanta ce da suka sayi hannun jari. Ku duba abin mamaki: ƙasar da ta fi kowace ƙasa wa'azin jari-hujja, da ta zo kan abin da take ƙauna, sai ta ce a fara ba mai rauni. A Turai kuwa, inda aka bar kasuwa ta yi halinta, Bayern Munich ta ɗauki kofin Jamus sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023, Manchester City ta ɗauki na Ingila sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024.

Darasi na biyu ya fi na farko muhimmanci a gare mu. Kusan duk yaron da ake gardama a kansa ranar zaɓen nan, ta makaranta ya biyo. Ya yi wa sakandarensa wasa, an rubuta abin da ya yi, jami'a ta ɗauke shi ta ba shi karatu, an kuma rubuta abin da ya yi, kafin ƙwararru su zo su auna shi. 'Yan asalin Nijeriya da suka yi suna a wannan wasa galibinsu ta wannan ƙofa suka shiga. Christian Okoye, haifaffen Inugu, jifan faifai da guje-guje ne suka kai shi wata jami'a a Kalifoniya, a can ya koyi wasan, a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar baki ɗaya. Nnamdi Asomugha, mai tsaron baya, daga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley aka zaɓe shi a zagayen farko a 2003. Jeff Okudah, shi ma mai tsaron baya, daga Jami'ar Jihar Ohayo ya fito, shi ne mutum na uku da aka zaɓa a 2020. Masu gardamarmu sun san waɗannan sunaye, suna kuma taƙama da su. Abin da ba su tambaya ba shi ne, ina tsanin da yaron Gwiwa zai taka? Wa ke riƙe da littafin da aka rubuta sunansa da ranar haihuwarsa da wasannin da ya buga?

Kada wani ya ɗauka muna cewa a kwaso tsarin Amurka a dasa a Babura. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma wannan kayan ma akwai ƙaya a jikinsa. Kafin ranar zaɓe ana tara samarin nan a birnin Indiyanafolis, a auna tsawonsu da nauyinsu da faɗin tafin hannunsu, a sa su gudu da tsalle, attajirai da wakilansu suna zaune suna rubutu, akasarin waɗanda ake aunawar kuwa baƙar fata ne. Duk wanda ya san tarihin yadda kakannin yawancinsu suka isa wannan ƙasa, dole gabansa ya faɗi in ya ga wannan hoto. Yaron da aka zaɓa ba shi da ta cewa a kan garin da za a kai shi. Sa'an nan wasan kansa yana cin 'ya'yansa. Wani likita ɗan Nijeriya, Dokta Bennet Omalu, shi ne ya binciki ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan wasa mai suna Mike Webster bayan rasuwarsa a 2002, ya gano cutar da yawan karo da kai ke haddasawa, ya buga sakamakon a 2005, masu gasar kuwa suka yi ta ƙoƙarin ƙaryata shi kafin daga baya su sallama. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan gasar su 111 da iyalansu suka bayar, suka sami cutar a 110. Saboda haka abin da muke cewa a ɗauka ƙa'idoji biyu ne kawai: a bi ta makaranta, a kuma fara da mai rauni. Sauran su riƙe abinsu.

Mun san amsoshin da za a ba mu, domin mun sha jin su. Na farko za a ce, ai nishaɗi ne kawai, me ya yi zafi? Da nishaɗi ne kawai da ba mu ɗauki alƙalami ba. Amma nishaɗin da ke raba abokai, ya sa ɗan Manchester ya ƙi gaisawa da ɗan Liverpool alhali gonakin iyayensu suna iyaka da juna, ya wuce nishaɗi. Nishaɗin da ya buɗe wa caca ƙofa har ta shigo cikin aljihun kowane yaro ta wayar hannu, ɗalibi ya zuba kuɗin rajistarsa a kan wasan da za a yi a wata nahiya, ƙaramin ma'aikaci mai albashin naira 70,000 ya wayi gari ranar biyar ga wata ba shi da na cefane, wannan ya wuce nishaɗi. Gardamar wane ne gwani ita ce makarantar share fagen caca, gama wanda ya yarda cewa ya fi kowa sanin 'yan wasa, da wuya ya ƙi gwada sanin nasa da kuɗi. Addininmu ya haramta caca, hankali ma ya haramta ta, domin ba a taɓa jin mai gidan caca ya tsiyace don 'yan wasa sun cinye shi ba.

Na biyu za a ce, ai ƙwallon gida ba ya kalluwa: fili duk rami, alƙalin wasa a tsorace, 'yan wasa suna bin bashin albashi, 'yan kallo suna jifa in an ci su. Ba mu musa ko ɗaya daga ciki ba. Amma muna tambaya, wa ya bar shi ya lalace? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan ƙasa ce da Mighty Jets ta Jos ta ɗauki kofin lig na farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978, Green Eagles suka ɗauki kofin Afirka a Ikko a 1980 da 'yan wasan da galibinsu a gida suke wasa. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki lig a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, a 2009 kuma ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2013 ɗan wasan gida ne, Sunday Mba, ya ci ƙwallon da ta ba Nijeriya kofin Afirka. Ashe ba iri ne ya lalace ba, gonar ce aka daina nomewa. Jiharmu ta Jigawa an ƙirƙire ta tun 27 ga Agusta 1991, tana da ƙungiyarta, Jigawa Golden Stars, wadda ta faɗo daga babbar gasar ƙasa a 2021. Muna so kowane mai gardama ya tambayi kansa, daren da ta faɗo, a rumfa nawa aka yi zancen? Mutum nawa ne cikin masu kukan an sayar da ɗan bayan Chelsea suka san sunan mai tsaron gidanta?

Na uku, wasu manyanmu za su ce, ku ɗalibai ku bar zancen wasa, ku yi zancen ruwan sha da asibiti da taki. Muna girmama su, amma muna cewa zancen ɗaya ne. Gwamnatin da ta bari aka yanka filin wasan makaranta aka yi fulotai, ita ce za ta bari rufin aji ya yaye. Kansilan da ba a tambaye shi ina kuɗin wasanni suka shiga ba, ba za a tambaye shi na rijiyar burtsatse ba. Saurayin da aka koya wa cewa duk abin kirki daga waje yake zuwa, shi kuwa aikinsa kallo da tafi, ba zai tashi ya gyara komai a garinsu ba, sai dai ya jira ranar da zai sami hanyar Agadas. Kuma a nan ne abin ya fi ciwo. Akwai 'yan damfara da ke yawo da sunan dillalan ƙwallo, suna nuna wa iyaye takardun bogi na gayyata daga Turai ko ƙasashen Larabawa, a sayar da gona ko shanun huɗa a ba su, yaro ya ƙare a wani birni da bai san kowa ba, ba ƙungiya, ba kuɗin komowa. Abin da ke ba su ƙofa shi ne mafarkin da ake dafawa kowane dare a gidan kallo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin takaici kuma, dokokin ƙwallon duniya ɗin ma da ke da ɗan amfani a gare mu ba mu san su ba, mu da muke da'awar sanin komai. Hukumar FIFA ta hana a fitar da yaro daga ƙasarsa zuwa wata ƙungiya a waje kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan togaciya. Duk dillalin da ya zo neman ɗan shekara 15, wannan doka kaɗai ta isa ta tona shi. Haka kuma dokar ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, za a cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun daga shekara 12 har zuwa 23. Ku lissafa da kanku: kashi 5 cikin 100 na yuro miliyan 10 shi ne yuro 500,000. Ko ɗan yanki na wannan ya faɗo wa wata ƙungiya a Roni, ai ya isa ya gyara fili ya sayi kaya na shekaru. Amma sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance da rajista, yaron ma a rubuce yake a littafin hukuma. Ƙungiyoyin unguwanninmu kuwa, waɗanda ma suka ari sunayen Barcelona da Juventus suka laƙaba wa kansu, yawancinsu ba su da ko takarda ɗaya. Mai horar da yaro da guminsa, ya saya masa takalmi daga aljihunsa, ranar da yaron ya zama wani abu ba shi da hujjar da zai nuna.

In ana neman misalin abin da mutane irinmu za su iya, ba sai an haye teku ba. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda ba su fi mu arziki ba, tun 1975 suka ɗauki kokawar gargajiya suka yi mata tsari: kowace jiha ta tace gwanayenta tun daga ƙauye, a haɗu a gari ɗaya, a yi kwanaki ana karawa, wanda ya yi nasara a ba shi takobi. Lokacin gasar, daga Maraɗi har Damagaram har Tawa ba a zancen kowa sai 'yan kokawa, kuma gardamar da ake yi a kan 'ya'yan ƙasa ake yin ta, waɗanda aka san garuruwansu da iyayensu. A nan gida ma muna da tushe. An fara wasannin jami'o'in Nijeriya tun 1966, an fara bikin wasanni na ƙasa a 1973, ga kuma gasar Kofin Ramat ta yara da aka saba yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammed. Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na matasa sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Tsanin yana nan, matakansa na ƙasa ne suka ɓalle, kuma na ƙasan nan su ne a hannunmu.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗaliban Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa da ke manyan makarantu, da 'yan'uwanmu da suka riga mu kama aiki a sakatariyoyin ƙananan hukumomi da ofisoshin ilmi, da a yi waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, a dogon hutu mai zuwa a shirya gasar yara mazaɓa mazaɓa, a fara daga Kanya Babba da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma kada a sa yaro a fili sai wanda ke zuwa makaranta, ta boko ko ta allo, da shaidar malaminsa. Na biyu, a buɗe littafi, a rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa na gaskiya da ƙungiyarsa da wanda ke horar da shi, a kuma taimaki ƙungiyoyin unguwa su yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha. Masu iya haddace kwantiragin 'yan Sifen, ga aikin da ya dace da basirarsu. Masu ido a kan ɗan baya nagari, su zo bakin fili su nuna mana shi a cikin yaranmu. Na uku, duk abin da aka samu na ƙwallaye da riguna da raga, a fara ba makarantar da ta fi kowace rauni, wadda ta fi nisa da kwalta, kafin a zo kan ta cikin gari. Na huɗu, a ƙirga filayen wasa na makarantun yankin nan, a san iyakokinsu, duk wanda aka ga an fara kai masa bulo a kai ƙara wurin hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, a kuma buga a wannan mujalla. Na biyar, a nemi kowace ƙaramar hukuma ta bayyana abin da ta ware wa wasanni a kasafinta da inda ya tafi. Kuɗin jama'a ne, tambayarsa ba rashin kunya ba ce. Na shida, a roƙi manyan makarantun da ke yankin, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, su buɗe wa yaran maƙwabta filayensu, su kuma riƙa sa ido a kan masu hazaƙa. Na bakwai, masu gidajen kallo, waɗanda 'yan'uwanmu ne masu neman halaliyarsu, a zauna da su a nemi su ba da kuɗin ƙofa na dare ɗaya a wata don sayen kayan wasan yara, su hana caca a rumfunansu, su kuma riƙa nuna wasan gida da dambe da kokawa duk lokacin da aka samu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar izinin Abuja ko taimakon Landan. Abin da suke bukata shi ne kashi ɗaya cikin goma na lokacin da ake kashewa a gardamar dare, da kashi ɗaya cikin goma na zafin ran da ake nunawa in an taɓa Real Madrid. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran da za su zama wani abu nan da shekara goma kuwa yau suna nan suna buga ƙwallon tsumma ba takalmi a bayan gari, ba wanda ya san da su sai ƙura.

Ya ku 'yan'uwa, talakawan da suka sayar da gero da awaki suka turo mu makaranta ba su turo mu don mu zama dillalan da ba a ba la'ada ba. Wanda yake son Arsenal ya ci gaba da sonta, ba mu hana ba. Amma ranar Asabar da la'asar, kafin a tayar da janareto, muna so mu gan shi a bakin filin firamare da littafi da alƙalami a hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu ikon gyara namu, amin.